Bututun Kicin da Baba Ya Ƙi Haɗawa

Daga Allah muke, kuma Baba ya riga mu komawa gare Shi, wata Talata a tsakiyar zafi, lokacin da ake yankan dabino. Ya cika bayan Azahar, aka sallace shi a Harami da La'asar, kafin Magariba ƙasar Baƙi'a ta rufe shi. Haka ake yi a Madina, gawa ba ta jiran kowa. Ba ta jira Yayana ba, ɗan farin Baba, wanda yake can Khaibar cikin gonar dabino inda waya ba ta kaiwa. Shekaru ke nan rabon da su zauna inuwa ɗaya shi da Baba, kuma duk gidanmu mun san ba abin da tsohon nan yake so kafin ya mutu kamar ya ga Yaya ya shigo ta ƙofar nan. Bai taɓa faɗa ba, amma mun sani.

Abin da na fi tunawa a yinin farko na zaman makoki shi ne bokiti. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai wa gidajen mutane ruwa, an zo makokinsa, kicin ɗin gidansa babu ko ɗigo. Daga banɗaki muke ɗebowa mu wanke kofunan shayi da na gahawa. Mata sun cika ɗakin Inna har bakin ƙofa, 'yan Kano da 'yan Damagaram da Hausawan Sudan, kowacce ta ga bokitin sai ta kawar da kai kamar ba ta gani ba. Wata tsohuwa 'yar Chadi ce kaɗai, wadda muke ce wa Goggo, ba ta iya haɗiye magana. Ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, me ya sami famfonku?"

Na ce, "Goggo, bututu ne ya huje a kan rufi, bai samu ya gyara ba."

Ta ce, "Bai samu ba? Shi? Mutumin da in ya ji ɗigo a gidana ba ya iya zama ya sha shayi?"

Sai ta fashe da kuka, tana ba matan labarin abin da duk suka sani. Duk shekara idan zafi ya kama, Baba yakan bi gidajen tsofaffi da zawarawa ɗaya bayan ɗaya ya kashe musu sahhan, tukunyar dumama ruwa ta lantarki. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba. Da zafi tankin kan rufi tafasa yake yi, in ka buɗe famfon sanyi da rana sai ya saɓule maka fata. Ruwan da ya kwana a cikin sahhan a kashe, a inuwar banɗaki, shi ne mai sanyi. Saboda haka rabin shekara famfo mai jan kai shi ne na sanyi, mai shuɗin kai shi ne na zafi. Goggo ta ce tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa sanin ranar da ake juyawar ba, sallamar Baba ce take gaya mata. Ta ce, "Baɗi wa zai zo ya ce mini, Hajiya, daga yau ja ne naki?"

Maza suna waje a kan kujerun da aka jera a lungu, ina jin su ta taga idan na miƙa tire. Akwai Likita, mutumin Zariya da ya yi wa Baba aikin ido, yana maimaita cewa ranar da ya fara kwana a Madina Baba ne ya hana shi ƙona kansa a wanka. Akwai Kawu mai shago, Bahaushen Sudan da ke sayar da kayan famfo a bayan titin Sultana, abokin faɗan Baba tun kafin a haife ni. Shi bai yi kuka ba. Can ya ce, "To, yanzu wa zai riƙa dawo mini da kaya yana cewa ba su yi ba?" Mutane suka yi 'yar dariya, shi bai yi ba.

A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari, mu mata ma ba ma shiga. Nan da 'yan shekaru ko waɗanda suka ɗauke shi ba za su iya nuna wurin ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, tun Inna tana da rai ta gyara mini inda na kauce.

Baba daga ƙasar Katsina ya zo, yana saurayi, da niyyar Hajji ya koma. Bai koma ba. Ya koyi aikin famfo a hannun wani Bashame, mutumin Sham, Larabawa suka riƙa ce masa sabbak, mutanenmu suna ce masa mai gyaran famfo. Dogo ne siriri, bahago, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ba ya ɗaukar tef ɗin awo. A aljihunsa akwai wata igiya da ya zura wa guntayen bututun jan ƙarfe, kowanne kamar zobe, daga ƙarami zuwa babba, baƙo ya gani sai ya ɗauka carbi ne. Rabin inci, inci ba kwata, inci ɗaya, kowanne kuma iri biyu, na Amurka da na Ingila. In ka kalle su da ido ka rantse ɗaya suke, amma rabin incin Amurka ya ɗara na Ingila da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, kuma a garin nan duka biyun ake kawowa, wani gidan ma sai ka tarar da su bango ɗaya. Mai gaggawa sai ya tura wannan cikin wancan, ya cika ratar da dalma, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Baba kuwa sai ya ciro igiyarsa ya gwada. Yakan ce, "Bututu baƙo ne, kafin ka ba shi masauki ka tambayi garinsu."

Faɗansu da Kawu duk a kan wannan ne. Baba zai sayi gwiwar bututu goma, ya zauna a bakin shagon ya gwada su ɗaya ɗaya, ya mayar da uku. Kawu ya ce, "Hajji, dukan Madina suna saya ba su dawo ba, sai kai." Baba ya ce, "Su ma za su dawo, da guduma." Sai su sha shayi.

Amma dokar da ta fi kowacce a wurinsa ita ce ta haɗa ƙarfe biyu. Tsofaffin gidajen Madina da baƙin ƙarfe aka ja musu ruwa, sababbin gyare-gyare kuma da jan ƙarfe ake yi, dole wata rana su haɗu a cikin bango. In ka ɗaura ja a kan baƙi kai tsaye, ruwa yana bi, a hankali jan zai cinye baƙin, tsatsa ta toshe shi, ta huda shi. Sai an sa guntun tagulla, mai ruwan ɗorawa, a tsakaninsu. Tun ina ƙarama na haddace wannan kamar Fatiha, don ko abinci ake ci sai ya faɗa. Da bututun roba ya shigo gari, kore da fari, nan ma cewa ya yi kada roba ta auri ƙarfe sai da tagulla a matsayin waliyyi. Yakan ce siminti yana rufa wa ma'aikaci asiri, ruwa yana tonawa, kuma ruwa ba ya mantuwa.

Ina son kallonsa yana aiki. Zai yanka bututun da ɗan abin yankansa mai zagayawa, ya goge bakin da takardar yashi har ya yi ƙyalli kamar sabon kwabo, don dalma ba ta kama jan ƙarfen da ya dushe. Ya hura wuta, ya taɓa dalma, ta zagaye mahaɗar. Tun tana da zafi sai ya share ta da jiƙaƙƙen tsumma, shara ɗaya. Da yake bahago ne, sharar takan bar 'yar wutsiya mai karkata hagu. Yaya da ya koya a hannunsa, komai nasa irin na Baba ne, sai dai wutsiyarsa dama take yi.

To, ga inda ciwon yake. Baba mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa yaba masa ba. "Kai," ko "wannan," ko ya ce da Inna, "Gaya wa yaron nan." A garinsu wannan ƙauna ce, kowa ya sani, wanda aka fi ji da shi shi ake ɓoyewa. Amma Yaya a Madina aka haife shi, inda ake kiran uba da sunan ɗansa na fari, Abu wane, uban kuma yana amsawa da alfahari. Larabawan unguwa suka riƙa kiran Baba haka, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku ce mini Hajji kawai." Yaya yana tsaye da akwatin kayan aiki yana ji. Inna ta yi masa bayani har ta gaji. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, kuma amsarsa ɗaya ce: "Tayyib," wato to. Ni da nake ta uku, sunana a bakin Baba kamar ruwa, har waƙa yake yi mini da shi. Sai da na girma na gane abin da wannan yake yi wa Yaya.

Rigimar ta faru ne wajen ƙarshen shekarun casa'in, a gidan wani dattijo Bahijaze, Balaraben garin, mai bene hawa uku, wanda muke ce wa Ammu. Ban je ba, Kawu ne ya ba ni labari, don shi ya kai musu kaya ranar. Baba da Yaya su suka yi wa gidan aiki shekara biyu kafin nan. Sai bangon wani banɗaki ya jiƙe, fenti ya kumbura. Baba ya fasa bangon a gaban Ammu da 'ya'yansa. Ga mahaɗa nan ta cika da tsatsa, ruwa yana tsattsafowa. A lokacin idon Baba ya riga ya fara hazo, ko da yake ba ya yarda a faɗa. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce da Kawu, "Akwai tagulla a nan?"

Kawu ya ce, "Babu, Hajji. Ja ne a kan baƙi."

Dama a watannin nan suna ta saɓani, Yaya yana cewa zamanin jan ƙarfe ya wuce a koma roba, Baba yana ganin ragwanci ne. Bai ko juya ya kalli Yaya ba. Bango ya kalla ya ce, "Hannun da ya yi wannan bai koyi aiki a wurina ba. Ɓarawo ya fi shi, don ɓarawo kana ganin abin da ya ɗauka." Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Larabci don masu gida su ji.

Kawu ya ce Yaya ya durƙusa ya daɗe yana duban mahaɗar. Sannan ya ɗago ya dubi idon Baba, shi ma ya daɗe. Ya ce, "Hadir," wato na ji. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a kan akwati, ya sauka. Kafin sati ya zagayo ya sami aiki a Khaibar, yana ja wa gonakin dabino ruwa da bututun roba.

Ba gaba suka yi irin ta zagi ba, Allah ya kiyaye. Yaya yana bugo waya duk Juma'a in ya fito gari sallah, ya gai da Inna, ya ce a gai da Baba. In ya shigo Madina sai ya daidaici lokacin da Baba yake Harami. Yana aiko da dabino duk shekara. Baba mai rabar da komai ne, amma wannan kwalin ba ya bayarwa, a ɗakinsa yake ajiyewa. Sai ya ce, "Na mutumin Khaibar ne?" Inna ta ce eh. Ya ce, "To." Guntun mahaɗar nan kuwa ya yanko shi ya rataye a ƙusa a ɗakinsa, wai don ya zama ishara. Ni kam duk sanda na shiga shara sai na ji kamar in jefa shi a bola.

A farkon shekarun dubu biyu idon ya kai ga ba ya gane fuska sai an yi magana. Likita ya matsa masa, ya ce yanar ido ce, aikin ɗan lokaci ne. Ni na raka shi. Ranar da aka cire masa bandeji ya kalli rigarsa ya ce, "Ashe fara ce? Na ɗauka ta tsufa." Muka yi dariya. Likita ya ce ai haka yana take, kafin ta rufe ido sai ta rina wa mutum duniya da ruwan ɗorawa, fari ya koma kamar tsohuwar takarda, ja da rawaya su zama ɗaya. Na ga dariyar Baba ta tsaya, amma ban kawo komai ba.

Da muka dawo gida na kai masa abinci na tarar da shi a bakin taga da guntun mahaɗar a hannu, yana juya shi a cikin haske. Ya ce, "Zo ki duba mini. Wutsiyar nan ina ta karkata?"

Na duba. Na ce, "Hagu, Baba."

Ya ce, "Hagu." Ya ajiye shi a cinyarsa. "Ja na ɗauka a madadin tagulla. Hannuna ne." Can kuma ya ce, "Kuma yaron ya gani. Ya durƙusa ya gani, ya yi shiru, don kada a ce idona ya mutu a hana ni aiki."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma Likita ya hana idon ya jiƙe, ina gogewa ina faɗa. Ni ban gaji haƙurin Inna ba. Na ce, "To ai magana ta ƙare. Juma'a in ya bugo ka karɓa ka gaya masa."

Ya ce, "Ni in kira ɗan fari in ba shi haƙuri a waya?"

Na ce, "Da ka ci masa mutunci ai ba ka ji kunyar ɗan fari ba."

Inna ta daka mini tsawa daga kicin.

Juma'a ta zo, waya ta yi ƙara. Baba yana tsaye a bakin labule. Na miƙa masa kan wayar, ya kalle shi kamar maciji, ya ce alwala zai yi. Sai na gaya wa Yaya da kaina. Na ce, "Baba ya gane. Ya ga wutsiyar." Ya ce da Larabci, "Na sani tun ranar." Na ce, "To ka zo mana." Ya ce, "Ba haƙuri nake so ba. In yana so na, ya kira ni da bakinsa. Sau ɗaya." Na ce, "Kai ma ka san ba zai iya ba." Ya ce, "Ni ma na sani." Wallahi ranar na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu. Ƙarfe biyu a gida ɗaya, ni kuma da aka sa a tsakani ba tagulla ba ce, wuta ce.

Bayan haka da 'yan makonni muka wayi gari famfon kicin ya ƙafe. Baba ya hau rufi ya sauko ya ce bututun da ya taso daga tanki zuwa kicin ya huje a wajen mahaɗa, ya rufe shi. Na ce to a gyara. Ya ce hannunsa yana rawa yanzu, ba ya iya riƙe wuta. Na ce a kira wani. Ya ce babu wanda zai taɓa masa bututu a gidansa. Ya kulle ƙofar rufin ya sa makulli a aljihu. Sannan, yana kallon bango, ya ce, "Ki gaya wa mutumin Khaibar akwai aiki a gida."

Na gaya masa. Yaya ya ce, "Madina ta rasa sabbak ne?" Amma muryarsa ta yi laushi. Ya ce ana tsakiyar yankan dabino, mai gona ba zai sake shi ba, da an gama zai zo. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Dabino ai ba ya daɗewa."

Haka muka shiga jigilar bokiti a cikin zafin nan. Kullum ina mita. Na ce gidan mai gyaran famfo ne kaɗai a Madina ake wanke-wanke da ruwan banɗaki. Kawu ya ce zai turo yaronsa a kyauta, Baba ya ce in ya turo shi zai koro shi. Duk safiya in ya dawo daga sallar Asuba sai ya buɗe ƙofar rufin ya hau, wai zai duba tanki. Yana hawa yana hutawa a kan matakala, ina jin numfashinsa daga ɗakina. Na ce, "Baba, tankin nan guduwa zai yi ne?" Ya ce, "Ke dai ki dafa shayi." Ranar Talatar ma ya hau. Bayan Azahar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa, Inna tana yi masa fifita. Kafin Likita ya iso ya riga ya cika da kalmar shahada.

Yaya ya iso washegari da hantsi, da ƙurar gona a ƙafarsa. Ya durƙusa a gaban Inna, ta dafa kansa. Aka kai shi Baƙi'a aka nuna masa wurin, ya dawo ya zauna cikin maza yana karɓar gaisuwa, fuskarsa a bushe. Har wasu suka fara gulmar cewa bai yi kuka ba.

Da La'asar Ammu ya zo, 'ya'yansa suna riƙe da shi, don ya tsufa ƙwarai. Ina bayan taga da tire. Ya zauna kusa da Yaya ya ce masa, "Ɗana, ina da saƙo, ban san ko an ba ni in isar ba ne, amma zan isar. Kwanakin baya babanka ya zo gidana. Ya ce in tara 'ya'yana, waɗanda suke nan ranar da aka fasa bango, ya sa aka kira mai shago." Kawu ya gyaɗa kai. "Ya ciro guntun ƙarfen nan ya ce, a nan na yi magana, a nan zan janye ta. Hannuna ne ya yi wannan, ɗana ya rufa mini asiri. Na ce masa, ya Hajji, abin ya wuce. Sai ya ce, kada ka ƙara ce mini Hajji. Ka kira ni yadda kuke kiran iyaye a garin nan. Ya faɗi sunanka da bakinsa."

Yaya ya dubi Kawu. Kawu ya ce, "Ya faɗa. Ni ma ban taɓa ji ba sai ranar. Ya hana ni gaya maka, ya ce shi zai faɗa in ka zo."

Yaya ya ce a hankali, "Tun ina yaro nake jiran in ji. Sai aka faɗa wa wasu." Ya tashi ya shiga gida, ya wuce ni kamar bai gan ni ba.

Rana ta uku da safe, bayan an yi addu'a, ya gan ni ina ɗauke da bokiti daga banɗaki. Ya karɓe shi ya ajiye, ya ce, "Ina makullin?" Inna ta ciro shi daga aljihun rigar da Baba ya cire ranar Talata, har da igiyar zobban. Muka hau tare, ni da shi.

A gindin tanki, a 'yar inuwar da ke wurin, akwai akwatin kayan aiki a rufe da buhu. Sifanar da Yaya ya ajiye a gidan Ammu tana kai. Kusa da ita ga guntun tagulla sabo, ga dalma, ga tsumma a ninke. Yaya ya durƙusa a gaban bututun, irin durƙuson da Kawu ya ce ya yi a wancan gidan. Ya daɗe yana dubawa. Ni ban ga komai ba sai bututu a rabe biyu, bakinsa yana ƙyalli.

Sai ya yi magana da Hausa, shi da rabon da in ji Hausa a bakinsa tun muna yara. Ya ce, "Bai huje ba. Yanka shi ya yi."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ga sawun abin yanka nan. Shi ya yanke shi da hannunsa." Ya shafa bakin bututun da babban yatsa. "Kuma kin ga ƙyallin nan? Jan ƙarfe in aka goge shi aka bar shi a iska, ba ya daɗewa sai ya dushe. Wannan ba tsohuwar guga ba ce."

A gefen akwatin na ga guntayen takardar yashi, sun sha aiki, an tara su a ƙarƙashin dutse don kada iska ta kwashe. Sai na tuna numfashin da nake ji a kan matakala duk safiya, da mitar da nake yi masa. Kullum hawa yake yi ya goge bakin bututun, don duk ranar da ɗansa ya shigo ya tarar da aiki a shirye, dalma ta kama nan take.

Na zauna a kan simintin nan mai zafi na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Yaya ya ciro igiyar Baba ya gwada bututun, duk da ya san girmansa. Ya ɗaura tagulla a tsakani. Ya hura wuta, sai da ya tsaya ya goge idonsa da kafaɗa kafin ya taɓa dalma. Ya share da tsumma, wutsiya ta karkata dama. Ya buɗe ruwa.

Daga ƙasa muka ji famfon kicin yana tari, don tun ranar da ya ƙafe a buɗe muka bar shi, sannan ruwa ya ɓarke a cikin kwanon wanke-wanke. Matan da ke ɗakin Inna suka leƙo. Goggo ce na ji ta ce, "Allah ya jiƙanka, Hajji."

Allah ya jiƙan Baba, ya shayar da shi daga tafkin Manzon da ya zaɓi ya kwanta a maƙwabtansa, ya yafe masa abin da bakinsa ya kasa faɗa. Da muka sauko, Inna tana tsaye a ƙofar kicin tana kallon ruwan yana zuba. Yaya ya miƙa hannu zai rufe, ta riƙe shi. Ta ce, "Bar shi tukuna. Kiranka yake yi."